Aikin Hannu a Makarantun Sakkwato Ya Koma Aikin Aljihu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da malaman firamare da iyayen yara na nan Sakkwato a kan darasin aikin hannu. Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, yanzu jikoki nake rakawa makaranta, saboda haka abin da zan faɗa da idona nake ganinsa.

Duk ƙarshen zango za ka ga yara sun nufi makaranta, wannan riƙe da tsintsiya, wancan da mafici, wata da faifai sabo fil. Wai aikin hannunsu ne. Kowa ya san uwa ce ta aika aka sayo a kasuwa, malami ma ya sani, ya karɓa ya ba da maki. Wasu makarantun sun hutar da kowa, kuɗi suke yankawa a kawo a madadin aikin. A makarantun kuɗi kuwa takarda ake ba yaro ya kai gida: kwali mai launi, gam, fenti, ƙyalƙyali, almakashi. Uba ya saya, uwa ko yaya ta zauna da dare ta yanka ta manna, mai aikin yana barci. Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi. Abin da yaro ɗan shekara bakwai ya koya a nan shi ne ana iya kai abin wani a ce naka ne, har a tafa maka. Sannan mu dawo muna kukan satar jarrabawa.

Kwanan baya na samu karan dawa na zauna a zaure ina ɓare shi. Jikata ta leƙo ta ce, "Angona, mi kaka yi da abincin awaki?" Ban ga laifinta ba, don a haka kawai ta san kara. Na kira ta da ƙannenta muka haɗa mota. Ga wanda ya manta: kara kashi biyu ne, akwai sillen baya mai kaifi, akwai totuwar ciki mai laushi. Totuwa ce katako, sille ne ƙusa. Sai ka yanka totuwa huɗu tsawo ɗaya, in ɗaya ta fi sauran ko da faɗin farce ne, motar za ta karkace. Taya a da daga sakaina muke fere ta, muna goga ta a dutse har ta zagaye. Yanzu tsohon silifa ya fi sauƙi. In ramin bai zauna a tsakiyar taya ba, mota za ta riƙa ɗingishi, kuma ba sai malami ya ja jan biro ba, yaro da kansa zai ga kuskuren ya sake. Awo ke nan, da lissafin da'ira, da haƙuri, duk a zama ɗaya, ba a kashe ko sisi ba. Sille ya yanki babban ƙanenta a yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba, ya ƙi ma a taimaka masa.

Mutane suna saurin ɗora wa wayar hannu laifi. Tana da nata, amma ni ban ga yaron da aka miƙa wa laka ko kaba ya ture ba. Kayan ne suka yi masa nisa. Gari ya faɗaɗa ya cinye gonakin da muke tsintar kara a cikinsu bayan girbi, karan kansa ya zama haja, masu dabbobi ke saye. Tsakar gida an shafe da siminti, babu inda yarinya za ta ɗebi ƙasa ta gina 'yan tukwanenta. Ga halin tsaro, ba uban da zai bar ɗansa ya tafi fadamar Gulbin Rima shi kaɗai neman yumɓu kamar yadda muka yi. Motar roba kuma tana nan a bakin titi, ta karye gobe a sayi wata. Abin da gida ya daina bayarwa, makaranta ce ya kamata ta cike, sai ita ma ta tura yaro kanti.

Abin mamaki, almajirin makarantar allo da muke tausaya wa har yau shi ke fere alƙalaminsa, ya haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya wanke allonsa. Ɗan boko fensir ɗinsa ma sai an fere masa.

Kuma a Sakkwato fa ake wannan. Garin da tun muna yara ake ba mu labarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana tukar igiya da hannunsa don ya ci halaliyarsa, duk da malantarsa da jama'arsa. Garin da fatar jan akuyarsa ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta isa hannunsu. Majemanmu suna nan suna jima da bagaruwa, ana rina ja da karan dafi, dukawa suna ɗinka jaka da takalma da kube. Guntayen fatar da baduku ke sharewa da yamma sun ishi aji guda su koyi huda da ɗinki. Amma tambayi ɗan aji shida ko ya taɓa riƙe basilla.

Gwamnati ta sha gwada nata. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a 1982, an sayo injuna daga ƙasashen waje don koyar da fasaha a ƙananan sakandare, da yawansu a cikin akwati suka tsufa saboda ba wuta, ba mai koyarwa. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a nan Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 1999, kuma darasin al'adu da ƙere-ƙere yana cikin manhaja. A takarda ba abin da ya rage.

Roƙona ga hukumar ilimin firamare ta jiha da masu makarantu ba ya bukatar kwangila. A hana karɓar kuɗi ko sayayyen kaya da sunan aikin hannu. Kada a ba da maki sai a kan abin da yaro ya yi a aji, a gaban malami, ko da faifan ya fito a karkace. Kowace unguwa akwai tsohuwa mai saƙar faifai, akwai baduku, akwai maginin tukwane ko mai ɗinkin hula. Kwamitin iyaye ya gayyaci ɗaya duk mako, a ba shi ɗan abin goro. Kaba dami ɗaya da kara kaya ɗaya ba su kai kuɗin kwalin da ake sa kowane uba ya saya ba.

Na san wata malama za ta ce reza a hannun yara sittin hatsari ne. Gaskiyarta. To a fara 'yan aji ɗaya zuwa uku da laka da kaba, waɗanda ba sa bukatar wuƙa, a bar kara da fata sai aji huɗu, a raba su rukuni-rukuni a gindin bishiya, reza tana hannun babba.

Wassalam.

Daga wani tsohon malamin firamare, Sakkwato.