A Duba Tsofaffin Gine-gine Kafin a Mai da Su Ɗakunan Bincike

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan shawarar da wasu ke bayarwa ta a gyara tsofaffin ma'ajiyun gyaɗa da ofisoshin da aka daina amfani da su a Maraɗi, a mai da su ɗakunan bincike na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ina goyon baya, domin yawancinsu katangunsu na da kauri, rufinsu na da tsawo, amma fenti da sabbin tagogi ba za su wadatar ba.

Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji da aka gyara cikin gaggawa, inda ƙurar hunturu ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a kan madubin ƙara girma, kuma da wuta ta ɗauke a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, samfurin irin gero da na wake da muka adana cikin firji ya lalace cikin kwana biyu. Saboda haka, kafin a sa hannu a kwangila, ya kamata injiniyoyi su gwada ƙarfin daɓe da wayoyin lantarki, a tanadi wutar rana, a kuma fitar da hanyar zubar da ruwan sinadarai dabam, kada ya gangara zuwa Gulbin Maraɗi inda manoma ke ban ruwa.

Haka kuma a zauna da malaman da za su yi aiki a ciki, da masana na cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi, tun zane yana kan takarda.

Naka,
Wani mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi