Rahoton Kwamitin Gyaran Majami'armu

Kwamitin da ikkilisiya ta naɗa domin gyaran tsohuwar majami'armu da ke wani ƙauye a yankin Salka, cikin jihar Neja, yana sanar da 'yan'uwa na gida da na nesa cewa aikin ya kammala in ban da tagogi biyu, an kuma koma yin sujada a ciki.

Da farko ra'ayi ya rabu. Matasa sun so a rushe ginin ƙasar baki ɗaya a tayar da na bulo, dattawa kuwa suka ce bangon da iyayensu suka cuɗa ƙasarsa da ƙafafunsu ba abin zubarwa ba ne. Hujjar dattawan ce ta sa kwamiti ya waiwayi asalinmu. Ikkilisiyarmu ta UMCA, wato United Missionary Church of Africa, ta samo tushe daga 'yan mishan na Mennonite Brethren in Christ, waɗanda A. W. Banfield, mutumin Kanada, ya buɗe musu tashar farko a Shonga ta ƙasar Nufe a 1905, kafin aikin ya iso Salka a 1923, sannan Zuru. A 1947 ne uwar ikkilisiyar ta sauya suna ta bar kalmar Mennonite, abin da ya sa yawancin yaranmu ba su taɓa jin kalmar Menonayit ba, balle su san cewa ɗakin sujada marar ado gado ne daga mutanen nan. Bayan birkila ya duba harsashin ya tabbatar da ƙarfinsa, aka amince a bar bangon.

Ɓarnar tana sama ne. Da aka yaye kwanon, sai aka tarar gara ta cinye azara har mutum yana iya nutsa yatsa a cikinta. An sauya katakon duka da sabo bayan an shafe sabon da maganin gara, aka buga sabon kwano, aka yaɓe bangon da siminti ciki da waje, aka kuma haƙa magudana ta gabas inda ruwan damina ke dukan gindin gini. Kwamiti ya amsa laifinsa a wuri ɗaya: katakon farko da aka saya ɗanye ne, ya lanƙwashe tun ba a ɗora shi ba, wannan ya jawo jinkiri da ƙarin kuɗi.

Baikon hatsi na kaka ne ya ɗauki mafi yawan nauyin, zumuntar mata ta ɗebo ruwa da yashi, matasa suka yi gayya. Tagogi biyu na baya suna jiran kafinta, lissafin kuɗi kuma yana hannun ma'aji ga duk mai son dubawa.