Wasiƙa: A Kan Tebur Ake Saita Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu, Ba A Sama Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu ja hankalin matasan da suka fara sayen ƙananan jirage masu saukar ungulu, irin masu aiki da batir da ake tuƙawa da rimot. Kukan da aka fi ji daga bakinsu shi ne wai jirgin jabu ne: da ya bar ƙasa sai ya kama rawa, jela na kaɗawa, kafin ka ce kwabo ya ci ƙasa. Sau da yawa jirgin lafiyarsa ƙalau. Ba a saita shi a kan tebur ba ne, ko kuwa an saita amma an fara daga ƙarshe, an tafi taɓa lambobi a rimot alhali ƙarfen jikinsa bai daidaita ba.

Jiragen iri biyu ne. Akwai wanda gudun inji ne kaɗai ke ɗaga shi ya sauke shi. Akwai kuma wanda farfelarsa ke juyawa da gudu ɗaya, kwanciyar fukafukan ce ke canzawa. A kan na biyun muke magana, musamman ajin 450, irin T-Rex 450 na kamfanin Align da ke Taiwan: kowane fiffike tsawon milimita 325, batir mai sel uku na 2200 mAh, nauyinsa duka bai kai kilo ɗaya ba. Kada ƙanƙantarsa ta yaudari kowa. Farfelar kan yi juyi wajen 3,000 a minti ɗaya, bakin fiffiken kuma yana tafiyar kusan kilomita 400 a awa. Yana yanka yatsa har ƙashi. Saboda haka kafin a taɓa komai a kan tebur, a zare biyu daga cikin wayoyi ukun da ke shiga inji.

Da faifan da ke ƙarƙashin farfela ake farawa, wanda ƙananan injina uku da ake kira sarbo ke turawa su ja. A sa sandar totur ta rimot a tsakiya daidai. Hannun kowane sarbo ya tsaya a digiri 90 da sandar da ke haɗa shi da faifan, faifan ya kwanta ba karkata ta kowane gefe, fukafukan biyu kuma su nuna digiri sifili a ma'aunin kwanciya. Wanda bai nuna sifili ba, a gyara tsawon sandarsa da hannu, ba a rimot ba. Ƙwararru kan bar kwanciyar daga digiri 11 ko 12 ƙasa zuwa 11 ko 12 sama domin su iya kifa jirgin. Ɗan koyo ba ruwansa da wannan. Ya saita kwanciyar ƙasa a digiri 2 ko 3 kacal, ta sama 10, jirgin zai tsaya cak a wajen digiri 5 zuwa 6. Dalili kuwa, duk ɗan koyo idan ya tsorata sandar totur yake jawowa ƙasa gaba ɗaya, kuma idan akwai digiri 11 a can, da ƙarfin injinsa jirgin zai maka kansa da ƙasa.

Inda muke son a fi daɗewa shi ne maganar girgiza, domin ita ce uwar matsaloli. Na'urar jairo da ke riƙe daidaiton jirgin motsi take ji, ba ta kuma san bambancin motsin iska da karkarwar ƙarfe ba. Idan jiki na karkarwa, sai ta yi ta gyara abin da bai ɓaci ba. A auna fukafukan biyu a sikeli mai nuna kason giram, mara nauyin a manna masa ɗan salatif a daidai tsakiyar nauyinsa har su zo ɗaya. Ɗaurinsu ma ya zo ɗaya: a riƙe jirgin a gefe da fukafukan a miƙe, kada su faɗo da kansu, amma da an ɗan girgiza su sunkuya tare. A zare sandar tsakiya, wadda farfela ke kanta, a mirgina ta a kan gilashi. Idan tana ɗingishi ko haske na shiga ƙarƙashinta, ta lanƙwashe, kuma canza ta ake yi, ba miƙarwa da guduma ba. Tsakanin ƙaramar giyar inji da babbar giya a sa siririyar takarda, a matse, a ɗaure inji, sannan a zare takardar. Ratar da ta bari ita ake so. In an matse fiye da haka inji zai yi zafi ya zuƙe batir, in an saki haƙora su zube. Bel ɗin jela kada ya yi tauri kamar tsirkiya, kada kuma ya yi sako-sako har ya tsallake haƙori. Duk sukurun da ke shiga ƙarfe a ɗiga masa maganin ɗauri mai ruwan shuɗi, irin Loctite 243, ɗigo ɗaya. Wanda ke shiga roba ba a sa masa, yana fasa robar.

Sai duba alkiblar jairo, aikin minti ɗaya da barinsa ke cinye jirgi sukutum. Bayan an jona batir a bar jirgin ba motsi na 'yan daƙiƙu har na'urar ta gama shiryawa. A ɗaga shi a sunkuyar da hancinsa: faifan ya karkata baya, yana jayayya da hannunka. A karkata shi dama, faifan ya koma hagu. A juya hancin hagu, fukafukan jela su motsa kamar an tura sandar rimot mai juya hancin jirgi zuwa dama. Idan ɗaya ya bi motsin maimakon ya hana shi, a juya alkiblarsa a saiti. In ba haka ba, jirgin zai kife ko ya kama juyi kamar katantanwa tun ƙafarsa na ƙasa.

Yanzu ne ake mayar da wayoyin inji a fita fili. A manna salatif ja a bakin fiffike ɗaya, a tayar da farfela har jirgin ya kusa ɗagawa, a tsaya nesa kamar mita biyar a dubi gefenta. Layi ɗaya ya kamata a gani. Idan biyu ne, launin zai nuna wanda ke sama. A kashe, a juya kan sandar fiffiken zagaye ɗaya, a sake gwadawa. Ƙarfin jairon jela kuma da sannu ake nemansa: a ƙara maki biyu ko uku a kowane tashi har jela ta fara kaɗawa da sauri, sai a rage kaɗan. Idan tana lilo a hankali ko tana sulalewa lokacin da aka ba da totur, ƙarfin ya yi kaɗan, ko zoben da ke zamewa a sandar jela yana cijewa. Abu ɗaya ake canzawa a kowane tashi. Mai canza uku a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Ga lissafin gudun farfela ga mai so. Inji mai KV 3550, wato juyi 3550 a minti ɗaya kan kowane bolt, a kan bolt 11.1, da ƙaramar giya mai haƙora 13 da babba mai 150, zai ba da juyi 3,415 a minti ɗaya a takarda, a aikace kuma wajen kashi 90 cikin 100 na haka. Giya mai haƙora 12 za ta rage gudun, jirgin ya yi laushi, batir ya ƙara jimawa.

Batirin LiPo, irin wanda waɗannan jirage ke aiki da shi, kowane sel bolt 4.2 ne a cike. Kada a sha fiye da kashi 80 cikin 100, wato 1760 mAh, abin da ke zuwa minti biyar ko shida a sama. A sa agogon rimot ya yi ƙara. A yi caji a amfiya 2.2 da cajar da ke daidaita sel-sel, a kan siminti, mutum na kusa. Wanda zai kwana biyu ba aiki a bar shi a bolt 3.8 kowane sel. A zafin watan Afrilu irin na Kano ko Sakkwato, barin cikakken batir a cikin mota a rana neman gobara ne, kuma duk wanda ya kumbura ya gama aiki. Ƙurar hunturu ita ma tana shiga boris da zoben jela, don haka a riƙa tashi daga kan katako ko tabarma, a kuma rage zuba mai a inda ƙura za ta manne.

A tashin farko a ɗaura sanduna biyu a gicciye ƙarƙashin ƙafafun, da ƙwallayen roba a bakinsu. A tsaya a bayan jirgin, jela na kallonka. Zai nemi zamewa hagu yayin ɗagawa, wannan turin farfelar jela ne, a tare shi da ɗan dama. Kada a tsaya shawagi a tsayin taƙi ɗaya, inda iskar da ya tura ke dawo masa. A ɗaga shi zuwa tsayin ƙugu. Yatsa ɗaya ya zauna a kan makunnin kashe inji, a buga shi kafin jirgi ya taɓa ƙasa idan abu ya ƙwace. Awa goma a manhajar koyon tuƙi ta kwamfuta ta fi fukafukai goma araha. A nisanci filin jirgin sama, barikin soja da taron jama'a, a kuma tuna tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce tayar da jirage marasa matuƙi a Najeriya sai da izini.

Idan an faɗi, ko fukafukai ba su karye ba, a duba siririyar sandar da ta ratsa kan farfela ta riƙe fukafukan biyu: a cire fiffike ɗaya, a juya sukurun sandar, in ɗaya gefen yana zagaye to ta lanƙwashe. A bi da sandar tsakiya, haƙoran babbar giya da na cikin kowane sarbo, sannan a koma kan faifai a sake auna sifili.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu sha'awar ƙananan jirage,
Kano.