Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin tafiya Ingila

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ji labarin takardunka sun fito, za ka wuce Ingila karatu a watan Satumba. Allah ya sanya alheri. Ka tambaye ni bukukuwan mutanen can, to ga abin da zai amfane ka, domin bikinsu yana canja tafiyar gari gaba ɗaya, kuma baƙon da bai shirya ba shi ke shan wuya.

Cikin na farkon da za ka tarar akwai daren 5 ga Nuwamba. Tun saura kwanaki za ka riƙa jin ƙara da walƙiya bayan magariba. Kada hankalinka ya tashi, wasan wuta ne. Asalinsa tun 1605, lokacin da aka kama Guy Fawkes yana gadin ganga 36 na albarushi a ƙarƙashin ginin majalisar dokoki a Landan, shi da abokansa sun shirya hallaka Sarki James na Ɗaya. Shi ya sa duk shekara mutane kan hura babbar wuta a fili su ƙona mutum-mutuminsa. Ba ranar hutu ba ce. Ba a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 kayan wutar, kuma a daren nan doka ta yarda a harba har ƙarfe 12, amma a yawancin darare ƙarfe 11 ne iyaka.

Kwana shida bayan nan, ranar 11 ga wata da ƙarfe 11 na safe, ana yin shiru na minti biyu don tunawa da sojojin da suka mutu, domin a wannan sa'ar aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Za ka ga mutane da jan fure na takarda a ƙirji. In lokacin ya same ka a aji ko tasha, ka tsaya, ka kashe ƙarar waya. Suna ɗaukar wannan da nauyi ƙwarai.

Kirsimeti kuwa ita ce babbar magana. Kada ka auna ta da Sallah, inda kowa ke waje, ana yawon gaisuwa, abinci na shiga gida-gida. Tasu a cikin gida ake yin ta, iyali da iyali, ƙofa a rufe. Ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa ba sa tafiya, har na ƙarƙashin ƙasa a Landan, kuma doka ta hana manyan kantuna buɗewa a Ingila da Wales. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ɗakunan kwanan ɗalibai sun watse. Don haka ka yi cefanen kwana uku tun ranar 22 ko 23, ka karɓi maganinka in kana shan wani, ka kuma shirya da wa za ka yini. Kaɗaicin ranar nan ya fi sanyin damun baƙo.

In wani ya gayyace ka gidansa, ka amsa, karramawa ce babba, sai dai ka gaya masa tun da wuri abin da ba ka ci. Ga dalili: ana gasa talo-talo, amma sau da yawa a shimfiɗa masa naman alade a ƙirji don kada ya bushe, a gefe kuma akwai ƙananan tsiran alade. Dankalin ma wani lokaci da kitsen agwagwa ake gasa shi. Kek ɗin 'ya'yan itatuwa da ake kawowa a ƙarshe, giya ake zuba masa a kunna wuta. Ba sa jin haushin tambaya, abin da ke ba su kunya shi ne baƙo ya zauna bai ci komai ba. Ka riƙe ɗan cakulan ko furanni. Da ƙarfe uku za a saurari jawabin Sarki, al'adar da George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932.

In kuma ku ne za ku haɗu ku gasa naku daga mahautan halal, kuskuren da aka fi yi shi ne narkarwa. Talo-talo mai ƙanƙara yana buƙatar sa'a 10 zuwa 12 a firji kan kowane kilo, wato mai kilo 5 zai ci kwana biyu da wani abu. In cikinsa bai narke ba, waje zai ƙone ciki na ɗanye, a kwana da ciwon ciki. Ana gasa irin wannan kamar minti 40 kan kowane kilo a zafin digiri 180 na Celsius, a soki cinya, in ruwan ya fito da ja a mayar.

Washegarin Kirsimeti Boxing Day ce, hutu kamar yadda muke yi a Najeriya: rangwame a kantuna, ƙwallo, jirage 'yan kaɗan.

Ista ba ta da tsayayyar rana, tana faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sai ka duba kalanda. Kafin ta akwai azumin kwana 40 na Kirista, kuma Talatar da ke gabansa ana soya wainar fulawa mai faɗi: fulawa giram 100, ƙwai 2, madara mililita 300, a ci da sukari da lemon tsami. Juma'a da Litinin na Ista hutu ne, ranar Lahadin kuma manyan kantuna a rufe suke. Wannan kan shammaci mutane fiye da Kirsimeti.

Ka lura yankunan Birtaniya ba ɗaya ba ne a wajen hutu. Ingila da Wales suna da ranaku 8 a shekara, Scotland 9, Ireland ta Arewa 10. A Scotland bikin sabuwar shekara, Hogmanay, yana da girma sosai, har 2 ga Janairu hutu ne, amma Litinin ta Ista ba ta cikin lissafinsu. In za ka yi tafiya a waɗannan lokutan, ka sayi tikiti da wuri, domin a ranakun hutu ake gyaran layin dogo.

Ka gaishe mini da su Baba da mai ɗakinka. Da ka sauka ka turo mini lambarka.

Wassalam,
Amininka