Ɗarikar taurari da ratibin kakana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da yaranmu masu rubuta labaran ƙage na sararin samaniya, don ɗayansu a gidana yake kwana. Ɗan ƙanwata ne. Da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023 suka baro Umdurman shi da uwarsa, suka sauka wurina a Gadarif. Jami'a ta tsaya, aiki babu, sai ya duƙufa rubutu a waya. Bayan isha'i yana kwance kan angarib, gadon igiya, a tsakar gida yana ta dannawa, in wuta ta ɗauke ya kai wa mai shago caji.

Ran nan ya karanta mini. Wata daula ce mai mulkin duniyoyi barkatai, haraji ya yi wa talakawa katutu. Sai wani mai wa'azi ya taso cikin masu haƙar ma'adinai, jama'a suka yi masa caffa, suka ƙwace jiragen sarki, suka ci babban birni. Babi talatin ana hawa. A babi na ƙarshe sarki ya dawo da wani makami, ya ƙone su ƙurmus cikin dare ɗaya, shi ke nan. Na ce masa, "Ɗana, a Umdurman aka haife ka, kullum kana wuce ƙubbar Mahadi, amma ka rubuta kamar ba ka taɓa ɗaga kai ka dube ta ba."

Hawan da ya rubuta ban ga aibunsa ba, haka abin yake. Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a tsibirin Aba a 1881, lokacin da harajin Turkawa da Misirawa ya ishi kowa. A Nuwamban 1883 mutanensa, galibi da mashi da takobi, suka murƙushe rundunar Masar da Baturen Ingila Hicks ke jagoranta a Shaikan. Ranar 26 ga Janairun 1885 Khartum ta faɗi, aka kashe gwamna Gordon, Baturen Ingila. Shekara huɗu ba ta cika ba. Ko Mahadi ne ko ba shi ba ne, wannan na bar wa malamai.

Faɗuwar ce yaron ya yi wa riƙon sakainar kashi. Shi yaƙin Karari kawai ya sani, ranar 2 ga Satumban 1898, da bindigogin kwamandan Ingila Kitchener masu ruwan harsashi suka kashe Ansaru, wato mabiyan Mahadi, sama da 10,000, sojojinsa kuwa mamatansu ba su kai 50 ba. To amma gara ta daɗe tana cin ginin kafin wannan safiya. Wata biyar da cin Khartum Mahadi ya rasu. Halifa Abdullahi, mutumin yamma daga ƙabilar Ta'aisha, ya gaje shi, dangin Mahadi na bakin kogi suka ga an yi musu sakiyar da ba ruwa, har a 1891 suka yi yunƙurin tawaye a cikin Umdurman. Halifa ya kwaso ƙabilarsa ya cika birni don su tsare masa baya, bakunan nan kuma dole a ciyar da su, sai ga yunwar 1306 ta Hijira, wadda har yau ake kira Sanat Sitta, wato shekarar shida. Mutanen da suka tashi don gudun mai karɓar haraji suka wayi gari ma'aikatan baitulmali na auna musu rumbu. A 1889 an ci Habasha a Gallabat, nan kusa da mu, har sarkinsu Yohannes ya mutu, amma a shekarar aka yi asarar rundunar Wad Nujumi, sarkin yaƙin Ansaru, a Tushki, kan hanyar Masar.

Abin da na fi so marubutanmu su duba shi ne jibba. Da farko rigar talaka ce, faci kan faci, alamar gudun duniya. Kafin a je ko'ina facin ya zama ado: ƙyalle shuɗi da ja, an yanka daidai wa daida, an ɗinka a kan sabon farin yadi don sarakunan yaƙi. Wannan riga kaɗai ta isa babi uku. Wa ke ɗinka ta a duniyar ɗan ƙanwata? Wa ke riƙe da makullin rumbu bayan mai wa'azi ya mutu? Bai ma kashe mai wa'azin ba sai a daren ƙarshe.

Sannan wa ya ce masa ɗarika tana ƙarewa da makami? An kashe Halifa a 1899, an rushe ƙubba. Sayyid Abdurrahman, wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa Mahadi, ya sake tara Ansaru a Aba da gonakin auduga, aka kafa jam'iyyar Umma a 1945, aka sake gina ƙubbar a 1947. Shugaban ƙasa Numairi ya yi wa tsibirin luguden wuta a Maris 1970, duk da haka Sadiƙul Mahadi, jikan Sayyid Abdurrahman, ya sake zama firaminista a 1986. Mu ɗin nan ma, Hausa-Fulanin Sudan, shaida ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa ya ja jama'a gabas har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kakana ya tsinci auduga a Aba, ratibinsa kuma, wato littafin addu'o'in Mahadi, yana nan cikin gafaka a akwatina, gefen takardun ya yi baƙi da zufar yatsa. Daren nan na ɗauko na ɗora wa yaron a cinya.

Ya juya shi, ya ce, "Kawu, masu karatu yaƙi suke so, ba lissafin hatsi ba." Ban ja da shi ba. Bayan kwana uku uwarsa ta ce mini ya goge babin ƙarshe, jiya kuma ya bi ni kasuwar amfanin gona yana tambayar 'yan awo yadda ake tauye mudu.

Malam Edita, in kuna da shafin adabi, ku buɗe wa irin waɗannan yara. In ya gama zan sa ya turo muku babi biyu ku gani.

Naku,
Mai karatunku daga Gadarif, Sudan.