Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗalibin Da Ya Nemi In Nuna Masa Ƙuri'un Ghali Na'Abba

Assalamu alaikum, ɗana.

A wani shirin rediyo da aka gayyace ni kwanakin baya ka bugo waya, ka ce kai ɗalibin kimiyyar siyasa ne, sannan ka yi mini tambayar da lokaci bai bari na amsa ta yadda ya kamata ba. Ka ce mu dattawa mun cika yabon marigayi Ghali Umar Na'Abba, tsohon Kakakin Majalisar Wakilai, to in har yabon nan yana da tushe, in kawo maka jerin ƙudurorin da ya kaɗa wa ƙuri'ar amincewa da waɗanda ya ƙi a shekaru huɗun da ya yi a Majalisar Wakilai, domin a cewarka ɗan majalisa da ƙuri'arsa ake auna shi. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito a bainar jama'a.

Jerin da kake nema ba zai samu ba, kuma dalili na farko yana cikin tsarin mulkin 1999 da kuke karantawa. Sashe na 56 ya ce mai shugabantar zama ba ya kaɗa ƙuri'a sai idan ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, a nan ne kawai yake raba gardama. An zaɓi Na'Abba a 1999 a ƙarƙashin PDP domin ya wakilci mazaɓar Birnin Kano, kuma makonni kaɗan ya yi a matsayin mamba kamar kowa, yana riƙe da kwamitin kasafin kuɗi, kafin Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakaki a watan Yulin shekarar saboda badaƙalar takardar Jami'ar Toronto da ƙarin shekarun haihuwa. Daga ranar da Na'Abba ya hau kujerar har wa'adin majalisar ya ƙare a 2003, guduma ce a hannunsa, doka kuwa ta hana shi ɗaga hannu tare da sauran.

Dalili na biyu ya fi wannan girma, domin ya shafi dukan mambobi 360. Kusan duk abin da majalisarmu take yankewa da murya take yanke shi. Idan ka taɓa kallon zaman a talabijin ka san yadda abin yake: an gama muhawara, Kakaki ya ce masu goyon baya su amsa, zauren ya ɗauki kuwwa, ya ce masu adawa su amsa, wata kuwwar ta tashi, sai ya ɗan dakata, ya faɗi ɓangaren da kunnensa ya ce ya yi rinjaye, ya buga guduma. Akawun majalisa zai rubuta cewa an amince, amma ba zai rubuta sunan wanda ya ce e ko wanda ya ce a'a ba, balle wanda ya yi gum ko ya fice shan iska. Ana rubuta sunaye ne kawai idan wani mamba ya ƙalubalanci hukuncin shugaba ya nemi a ƙirga mutum ɗai-ɗai, kuma hakan ba kasafai yake faruwa ba. Shi ya sa mutane suke tuna ranar 15 ga Yulin 2021, lokacin da Sanata Enyinnaya Abaribe ya tilasta a ƙirga a Majalisar Dattawa kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, aka tashi 52 da 28, washegari kowa ya ga sunan sanatansa a jarida. Ko ƙudurin tazarcen Obasanjo, wanda ya mutu a Majalisar Dattawa ranar 16 ga Mayun 2006, da murya aka kashe shi; abin da ya sa jama'a suka san matsayin kowane sanata shi ne an watsa muhawarar kai tsaye a talabijin.

Saboda haka wanda yake son auna Kakaki sai ya duba abin da ya bari ya shigo zaure, da abin da ya iya tara wa kashi biyu bisa uku, da kuma irin matsin da ya jure. Da wannan ma'auni zan ba ka amsa.

Ka tuna halin da aka shiga a 1999. Ƙasar ta fito daga mulkin soja na kusan shekara goma sha shida, wanda a cikinsa ɓangaren zartarwa da kotuna suka ci gaba da aiki ko da a gurguje, amma majalisa ita ce ake rufewa da zarar an ji kiɗan soja a rediyo. Yawancin waɗanda suka shiga zauren ba su taɓa ganin yadda ake karatu na biyu ga ƙudurin doka ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga Olusegun Obasanjo, janar mai ritaya wanda ya taɓa mulkin ƙasar da dokar soja, kuma jam'iyyarsa ce take da rinjaye a majalisun biyu. Hanya mafi sauƙi ga Kakaki ɗan PDP ita ce ya zama ɗan amshin shata.

Gwaji na farko mai nauyi shi ne dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta, wato NDDC. Shugaban ƙasa ne ya kawo ƙudurin, amma majalisa ta ƙara yawan kuɗin da za a riƙa zuba wa hukumar, har dokar ta tsaya a kan cewa Gwamnatin Tarayya ta bayar da kwatankwacin kashi 15 cikin ɗari na kason wata-wata na jihohin yankin, kamfanonin mai kuma su bayar da kashi 3 cikin ɗari na kasafinsu na shekara. Obasanjo ya so a rage, ya ƙi sa hannu. Sashe na 58 ya ba shugaban ƙasa kwana 30, bayan haka idan kowace majalisa ta sake zartar da ƙudurin da rinjayen kashi biyu bisa uku, ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. A watan Yunin 2000 majalisun biyu suka yi hakan. Ina so ka lura da wani abu a nan, domin ya shafi tambayarka kai tsaye: Bakano ne ya jagoranci tara wannan rinjaye a kan dokar da amfaninta na jihohi tara ne masu arzikin mai, babu ko ɗaya a Arewa, kuma ba zai yiwu a samu adadin ba sai da 'yan PDP da yawa suka juya wa shugabansu baya tare da 'yan jam'iyyun adawa na APP da AD. Sunan Na'Abba ba ya cikin masu ƙuri'a a ranar, amma da Kakaki bai so ba, da maganar ba ta ma shiga takardar jadawalin zama ba.

Matsin da ya biyo baya kowa ya gan shi. A Majalisar Dattawa an cire Evan Enwerem a Nuwamban 1999, an cire Chuba Okadigbo a Agustan 2000, sai Anyim Pius Anyim ne ya ƙarasa wa'adin. A Majalisar Wakilai an sha yunƙurin tsige Na'Abba, har a ƙarshen shekarar 2000 wasu mambobi suka shigo zaure da ɗauri-ɗaurin kuɗi suka zube a kan teburin da ake ɗora sandar majalisa, a gaban kyamarori, suna cewa cin hanci ne aka raba domin a sauke Kakaki. Zargi ne, kuma a matsayin zargi na kawo maka shi. Abin da ba zargi ba shi ne cewa mutumin ya kai ƙarshen wa'adinsa a kan kujerar, yayin da maƙwabciyar majalisa ta yi shugabanni uku.

Sai kuma watan Agustan 2002, lokacin da Majalisar Wakilai ta ba Obasanjo wa'adin kwana 14 ya sauka ko a tsige shi. Cikin laifuffukan da aka lissafa akwai ƙin aiwatar da kasafin kuɗi yadda majalisa ta zartar da shi, da kashe kuɗi ba da izininta ba, da tura sojoji Odi a Nuwamban 1999 da Zaki Biam a Oktoban 2001, inda aka kashe fararen hula masu yawa. A nan nake rabuwa da wasu daga cikin masu yabonsa. Laifuffukan suna da nauyi, kuma wajibi ne majalisa ta tambaya, amma sashe na 143 bai san wani abu wai shi wa'adin kwana 14 ba; ya tanadi takardar tuhuma da sa hannun aƙalla kashi ɗaya bisa uku na dukan 'yan Majalisar Tarayya, sannan ƙuri'ar kashi biyu bisa uku a kowace majalisa, sannan kwamitin mutum bakwai da Alƙalin Alƙalai zai naɗa. An yi watanni ana ta ruguntsumi, Janar Yakubu Gowon da Alhaji Shehu Shagari suka shiga tsakani, maganar ta lafa ba tare da an kai ga wannan kwamiti ba. A ganina an yi tsawa mai yawa ruwa bai sauka ba, kuma iyalan waɗanda aka kashe a garuruwan nan biyu ba su ƙaru da komai daga rikicin ba.

Akwai kuma inda ba zan kare shi ba ko kaɗan. Majalisar da ya jagoranta ta fara aiki da rigimar kuɗin kayan ɗaki na miliyoyin naira ga kowane mamba, a lokacin da ma'aikata suke kukan albashi, kuma tabon nan bai goge ba har yau. Mafi muni shi ne abin da ya faru a farkon 2003, lokacin da majalisun biyu suka yi gaggawar sauya dokar 2000 da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, suka kuma tsallake ƙin sa hannun shugaban ƙasa, alhali hukumar tana duba ƙorafe-ƙorafe a kan shugabannin majalisar su kansu. Kotu ta soke sabuwar dokar. Suna iya cewa fadar shugaban ƙasa ce take amfani da hukumar wajen farautar abokan hamayya, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, amma wanda ake bincike bai kamata ya zama mai gyara dokar mai binciken ba. Sashen da aka yi amfani da shi aka kafa NDDC, shi aka ɗauko a nan domin kare kai, kuma idan za ka rubuta masa ladan na farko, dole ka rubuta masa alhakin na biyu.

A zaɓen 12 ga Afrilun 2003 ya rasa kujerarsa ga ɗan takarar ANPP. Shi da magoya bayansa sun ɗora laifin a kan fadar shugaban ƙasa da jam'iyyarsa, amma kada ka manta a shekarar ce guguwar Janar Muhammadu Buhari ta kaɗa a Kano, har gwamna mai ci Rabi'u Musa Kwankwaso ya faɗi a hannun Malam Ibrahim Shekarau. Na'Abba bai sake komawa majalisa ba har Allah ya karɓi ransa a Abuja ranar 27 ga Disamban 2023, yana da shekara 65. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Tunda bincike kake yi, ga inda zan tura ka. Majalisa tana da kundin da ake rubuta kowace magana da aka yi a zaure, wanda ake kira Hansad, da kuma taƙaitaccen bayanin hukunce-hukuncen kowace rana. Ka nemi na watan Yunin 2000, da na Agustan 2002, da na farkon 2003, ka haɗa su da jaridun makonnin, ka duba wa Kakaki ya ba damar magana, wa ya hana, da kuma yadda ya yanke hukunci duk lokacin da wani ya ɗaga batun ƙa'ida. Idan ka gama, ka sake bugo waya a shirin, ka faɗa mini abin da ka samu a kan dokar ICPC musamman, domin a kanta nake son jin hukuncin mai shekarunka.

Wassalamu alaikum.