A bar wa mai tafiya a ƙasa wurinsa a titunan Bauchi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in tofa albarkacin bakina kan aikin gadojin sama na Wunti da Babbar Kasuwa. Aiki ne mai kyau, amma mai mota ya fi cin moriyarsa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu tafiya a ƙasa da masu keke sun ƙaru. Duk wanda ya bi hanyar Yelwa da safe zai ga ɗalibai suna raɓe-raɓe a gefen kwalta, Keke Napep na gogar su. Inda aka bar ɗan wurin tafiya kuwa, masu tireda sun kafa tebur, kuma ban ga laifinsu ba tunda ba a ware musu wuri ba.

Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana koyar da tsara birane. Shawarata ita ce gwamnatin jiha ta haɗa kai da ita, ɗalibai su fita su ƙirga masu ƙafa da masu keke a Wunti da kasuwar Muda Lawal, su zana inda ya dace a sa matsallaka, hanyar keke da itatuwan inuwa. A duba zanensu kafin a ba da kwangilar titi na gaba.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Yelwa, Bauchi